Gwajin Jini Domin Auna Haɗarin Ciwon Ƙwaƙwalwa

Akwai magungunan da amfaninsu da haɗarinsu tushensu ɗaya. Misali a nan shi ne Tysabri, wanda ake bai wa masu cutar MS ta hanyar ƙarin ruwa duk bayan mako 4. Ita MS cuta ce da garkuwar jiki kan juyo ta afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Aikin wannan magani shi ne hana fararen ƙwayoyin jini shiga ƙwaƙwalwa su yi ɓarna. Sai dai kuma su ne masu gadin wurin.

Da zarar gadi ya yi rauni, wata ƙwayar cuta mai suna JC, wadda aka gano a 1971, tana iya samun kafar shiga. Kusan rabin baligai suna ɗauke da ita, galibi a cikin ƙoda, ba tare da ta dame su ba. In ta kai ga ƙwaƙwalwa kuwa, sai ta haddasa ciwon PML, mai kawo shanyewar gaɓoɓi da ruɗewar tunani, wani lokaci har mutuwa. Wannan ne ya sa aka janye maganin daga kasuwar Amurka a 2005, aka dawo da shi a 2006 bisa tsauraran sharuɗɗa.

A 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jinin da ke neman sinadaran kariyar da jiki kan samar in ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Abin lura shi ne, gwajin ba ya cewa mutum ya kamu da PML. Haɗari kawai yake aunawa. Wanda ba a sami sinadaran a jininsa ba, haɗarinsa bai kai 1 cikin 1,000 ba, amma akan sake gwada shi duk bayan wata 6, domin yana iya ɗaukar ƙwayar daga baya. Wanda aka samu kuwa, idan ya haura shekara 2 yana karɓar maganin, kuma ya taɓa shan mai danne garkuwar jiki, haɗarinsa ya kai kimanin 1 cikin 100.

A nan ne likita da majiyyaci kan zauna su yi shawara: ko a sauya magani, ko a ci gaba ana yawaita ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Tsayar da shi kwatsam ma yana iya sa MS ta dawo da ƙarfinta.