FUMFUNAR DA KE KASHE FARA

Manoman Badariya da na fadamar Rima, daga Birnin Kebbi har Argungu, sun san ɓarnar fara da babe a gonar gero da shinkafa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, fara ma tana da tata annoba.

Wani lokaci da damina manomi yakan tarar da fara matacciya a gona, jikinta ya yi ja, bayan 'yan kwanaki kuma wani gari kore ya lulluɓe ta. Wannan fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Masana suna kiranta Metarhizium. Garin nan kore shi ne irinta. In ya faɗa a jikin fara mai rai sai ya tsiro, ya huda fata, ya yaɗu a ciki. Farar ta rage ci, ta kasala, kana ta mutu. In akwai laima sai sabon iri ya fito daga gawar, ya kama wata.

A shekarar 1988 aka sami wannan fumfuna a jikin wata fara a ƙasar Nijar. A lokacin farar dango ta addabi ƙasashen Sahel, an kuwa zuba guba mai yawan gaske. Saboda haka a 1989 aka kafa wani shiri mai suna LUBILOSA, aka riƙa noman fumfunar a Kwatano, ana gauraya irinta da mai ana fesawa. Sunan maganin Green Muscle. A 1997 an gwada shi a manyan filaye a Maine-Soroa. Inda aka fesa guba fara ta mutu nan da nan, amma ba a daɗe ba wata ta dawo. Inda aka fesa fumfuna kuwa sai da aka yi jira, amma filin ya fi daɗewa babu fara.

To, ga amfaninta ga mutanen fadama. Guba takan bi ruwa ta kashe kifi, ta kashe ƙudan zuma, har mai cin soyayyar fara ma yana cikin haɗari. Fumfunar nan kuwa fara da danginta take kamawa, ba ta cutar da mutum, ko dabba, ko kifi, ko tsuntsu.

Aibinta ɗaya, watau jinkiri. Takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ta kashe. Don haka tun fara tana ƙarama, ba ta yi fiffike ba, ya kamata a fesa. Wanda ya ga 'ya'yan fara sun ƙyanƙyashe a gefen gona, sai ya gaya wa malamin gona da wuri. Wanda kuma ya ga matacciyar fara mai koren gari, kada ya ƙone ta. A bar ta nan, aikin manomi take yi.