Wa Ya Dace Ya Riƙe Aikin Agajin Gaggawa?

'Yan'uwana mata, da damina ta yi nisa, hankalin mutanen Ɗankaza da sauran ƙasar Wudil yana kan kogi, gama ruwan Tiga da na Challawa ta nan yake bi ya nufi Haɗejiya. In ya yi ambaliya, wa zai tsaya mana?

A 1999 aka kafa hukumar NEMA, jihar Kano tana da SEMA, ana kuwa so kowace ƙaramar hukuma ta kafa nata kwamitin. Shugabansa lalle ya iya rubutu da lissafi, don ƙidayar gidaje da buhunan hatsi. Ya san taimakon farko da hanyoyin ƙauyuka, ya yi shiri da dagatai da masu unguwa. Uwa uba, ya riƙe amana.

'Yan makaranta, aikin nan ba na maza kaɗai ba ne. Mace ke shiga har ɗaka ta ga mai jego da tsohuwa, namiji kuwa iyakarsa zaure. Ku dage da karatu, ana koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ke kuma uwargida, haddace lambar gaggawa, 112. Rigakafi ya fi magani.