Tsadar Man Fetur da Lissafin Mai Tuƙi a Najeriya

A ranar 29 ga Mayun 2023, cikin jawabinsa na kama aiki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya zo ƙarshe a Najeriya, kuma ba a yi kwana uku ba sai da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa naira 488 a Legas, 537 a Abuja, 540 a Kano da kuma 557 a Maiduguri. Abin da ake nufi da tallafi shi ne cikon da gwamnati ke biya tsakanin ainihin kuɗin da aka kashe wajen sayo mai da kawo shi da kuma farashin da aka ƙayyade wa gidajen mai, cikon da ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a shekarar 2022 kaɗai. An taɓa gwada cire shi a Janairun 2012, zamanin Goodluck Jonathan, lokacin da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, amma yajin aiki da zanga-zanga suka tilasta aka dawo da ita naira 97. A wannan karon ba a ja da baya ba, domin zuwa Oktoban 2024 lita ta kai naira 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja, wato ta ninka fiye da sau biyar cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi.

Wanda ya ɗora dukkan laifin a kan cire tallafi ya bar rabin bayanin a baya, saboda makonni biyu bayan wancan jawabi Babban Bankin Najeriya ya daina riƙe farashin canji, ya bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, sai dalar da ake samu a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin ɗan lokaci, ta kuma zarce 1,400 a farkon 2024. Da yake matatun gwamnati huɗu, wato biyu na Fatakwal da ta Warri da ta Kaduna, sun daɗe ba sa tace abin a zo a gani, kusan duk man da ake sha a lokacin da dala ake sayo shi daga ƙetare, don haka duk ranar da naira ta yi tuntuɓe sai an ji a gidan mai. Wannan dalar dai ita ce ke sayo taya da batir da baƙin mai da duk wani ƙarfen da ake nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, sabo ne ko ɗan Beljiyam, kamar yadda ake kiran kayan da aka yi amfani da su a Turai kafin a kawo su. Ke nan duka biyu aka yi wa mai mota a lokaci guda, ɗaya a bakin tanki, ɗaya a garejin bakanike.

Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin ƙarin ita ce a auna shi da albashi. Ƙaramar mota mai tankin lita 50 tana cika da naira 9,750 lokacin da lita ke kan 195, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin wancan lokaci, naira 30,000, amma a farashin 1,030 sai an ajiye naira 51,500 kafin tanki ya cika, kusan kashi uku cikin huɗu na sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. In aka juya lissafin, tsohon albashin yana sayen lita 150 da ɗoriya, sabon kuwa, duk da ya ninka fiye da sau biyu a kan takarda, bai kai ga lita 70 ba. Ma'aikacin da ke cin kilomita 30 a rana tsakanin gida da makarantar yara da ofis, da motar da ke shan lita 10 a kowace kilomita 100, yana ƙona lita 66 a kwanakin aiki 22 na wata, ban da zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, waɗanda a ƙasar Hausa ba sa cikin tafiye-tafiyen da ake fasawa don tsadar mai. Wannan ne ya sa magidanta da dama suka lulluɓe motocinsu da tamfol suka koma kan babur, har gwamnatocin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikatansu ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako a Yunin 2023.

Wanda lissafin ya fi matsewa shi ne direban haya, musamman wanda abin hawan ba nasa ba ne. A Kano, inda Adaidaita Sahu ya zama jigon sufuri tun bayan da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, matuƙa da yawa suna aiki ne bisa tsarin balas, wato wani adadin kuɗi da aka yanke wanda direba zai kai wa mai babur kowace rana ko kowane mako, ya yi ciniki ko bai yi ba. Kafin ya ɗauki fasinja na farko sai ya zuba mai da kuɗin aljihunsa, ga kuɗin rasit na ƙungiya da na hukuma, sannan abin da ya saura bayan an ware balas shi ne cefanen gidansa. Mai da balas da rasit ba sa karɓar uzuri, saboda haka duk ƙarin da bai iya ɗora wa fasinja ba daga cefanen yake fita, kuma ba zai taɓa iya ɗora shi duka ba, domin da zarar kuɗin hawa ya wuce ƙarfin fasinja sai ya taka sayyadarsa, ko ya yi rabin hanya a ƙasa ya hau a ragowar. Yawo babu fasinja, wanda a da ba a ɗauke shi bakin komai ba, ya zama hasara tsantsa, shi ya sa ake ganin 'yan sahu sun kashe inji sun jeru a bakin kasuwa da shataletale suna jiran lodi maimakon kewaya gari. Haka direban dogon zango: tafiyar Kano zuwa Kaduna, kimanin kilomita 230, tana cin lita 23 a irin waccan mota, wadda kuɗinta ya tashi daga ƙasa da naira 5,000 zuwa sama da 23,000 a zuwa kaɗai, kafin a cire rabon ɗan kamasho a tasha, kuma babu tabbacin za a cika lodi a dawowa.

Daga nan ne wata hasarar da ba ta fitowa a kowane rasit take farawa. Direban da ribarsa ta tsuke ba ya iya rage mai, don haka gyara yake ragewa: juyen baƙin mai sai a ɗaga shi zuwa wata mai zuwa, tayar da ta suɗe sai a kai wa mai faci a ci gaba da lallaɓawa, fulogi kuwa sai ya hana mota tashi ake tunawa da shi, alhali gajiyayyen fulogi da tayar da ba ta da isasshiyar iska duk ƙara wa mota shan mai suke yi. Sayen man dubu biyu ko dubu uku ya sa allurar tanki ta tare a kan ja, kuma a yawancin motocin zamani famfon da ke tura mai zuwa inji a cikin tankin yake, man da ke kewaye da shi ne ke sanyaya shi, don haka zama da busasshen tanki yana gaggauta mutuwarsa. Wasu direbobin sukan kashe inji a gangara don tsimi, ba tare da la'akari da cewa ƙarfin birki da laushin sitiyari a irin waɗannan motoci sun dogara ne ga injin da ke aiki ba, wasu kuma su cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure kaya da igiya. Idan aka duba da idon basira, wani ɓangare na tallafin da gwamnati ta janye jikin motocin haya ne ya ɗauke shi, domin direban da ke lissafa mai da balas kawai, bai ware komai don tsufan abin hawa ba, uwar kuɗi yake ci yana zaton riba ce, sai ranar da inji ya buga bashin zai fito gaba ɗaya.

Mai tuƙi a Arewa yana da wani ƙarin da takwaransa na Legas ba ya biya, wato kuɗin nisa. Tun 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ya riƙa biyan masu tankoki kuɗin dako domin lita ta zama kusan farashi ɗaya a ko'ina, ko da yake mazauna garuruwan Arewa da yawa sun fi ganin wannan farashi a kan allo fiye da a bakin famfo, musamman lokutan dogon layi da 'yan bumburutu ke cin kasuwarsu da galan da jarka. Da aka saki farashi sai dakon ya koma kan mai saye kai tsaye, shi ne bambancin naira 69 da aka gani tsakanin Legas da Maiduguri tun a jerin farashin farko. Bututun da aka shimfiɗa don turo mai zuwa rumbuna irin na Hotoro a Kano ɓarayi da rashin kulawa sun daɗe da kassara su, saboda haka sai tanka ta ci kimanin kilomita 1,000 daga gaɓar teku, tana shan man gas wanda ba shi da tallafi tun da daɗewa, kuma farashinsa ya ninka a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Darajar da fetur ya yi tana cikin abin da ke jan mutane zuwa kwasar ganima idan tanka ta faɗi, kamar yadda ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda wuta ta hallaka fiye da mutum 150. Girgizar ta tsallaka iyaka zuwa Nijar ma, domin Maraɗi da Birnin Ƙonni sun daɗe suna shan man Najeriya na sumoga saboda araha, kuma da arahar ta kau sai nauyi ya koma kan matatar Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, har Nijar ta yi fama da ƙarancin mai a Maris ɗin 2025.

Matatar Ɗangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma gogayyarta da masu shigo da mai ta sauko da lita ƙasa da naira 900 a wurare da dama cikin 2025, sai dai ɗanyen man da take tacewa da farashin kasuwar duniya ake auna shi ko da an biya da naira, don haka tacewa a gida ba ta nufin komawa tsohon farashi. Kuɗin mota kuwa, wanda ke tashi a ranar da aka yi ƙari, ba ya saurin sauka, kuma ba duka ne son zuciyar direbobi ba, tunda taya da batir ba su sauko tare da lita ba. Mafitar da gwamnatin tarayya ta fi tallatawa ita ce iskar gas da ake matsewa cikin tukunya, wadda ake kira CNG, da ake ƙara wa mota wasu na'urori ta riƙa aiki da ita tare da fetur, kuma ta fi fetur araha nesa ba kusa ba, amma amfaninta ya rataya ne a kan samun gidan sayar da ita kusa da inda direba ke aiki. Bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda shi ne zai kawo iskar Arewa da yawa, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, an kuma ɗage ranar kammala shi sau da dama.