Gwajin Magani Ya Dawo Ƙasar Hausa: Ina Rabon Sandamu?

Cikin 'yan shekarun nan gwajin magunguna da sababbin dabarun jinya ya yawaita a Arewacin Najeriya da kudancin Nijar, kuma akasarin masu gudanar da shi yanzu jami'o'i ne da asibitocin koyarwa. Har yau Kano ce cibiyar wannan aiki, amma da'irar tana faɗaɗa. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Katsina ta zama asibitin koyarwa, Daura ma ta samu tata cibiyar ta tarayya, ga kuma asibitin sojojin sama da aka buɗe a can a 2019. Duk inda ƙwararrun likitoci da ɗakunan awon jini suka taru, masu bincike na nan tafe. Don haka mutanen Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa su sa ran wata rana za a zo musu da takarda, ana neman izinin sa 'ya'yansu cikin gwaji. Gara a yi wa lamarin tunani tun kafin ranar ta zo.

Tsoron da jama'a ke yi yana da tushe. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta hallaka fiye da mutum 10,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a ciki, aka bai wa kusan rabinsu sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan ɓarnar ta riga ta bazu, domin a 2003, da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi, labarin Trovan yana cikin hujjojin da ake kawowa, kuma cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaran da suka shanye a wancan lokacin su ne suka biya bashin yaudarar da aka yi wa wasu iyayen.

To me ya sa gwajin ya dawo, har yake samun karɓuwa? Doka ta ɗan yi ƙarfi: an fitar da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa a 2007, Dokar Lafiya ta 2014 ta ba kwamitin ɗa'a na ƙasa hurumi, kuma sai hukumar NAFDAC ta yarda kafin a gwada magani a jikin mutum. Masu ba da tallafi na waje ma sun karkato da kuɗinsu wurin da mace-macen mata da yara suka fi yawa. Amma a ganina babban dalilin shi ne yanzu 'ya'yan ƙasa ne ke jan ragamar, kuma tambayar da suke yi ta canza. A Kano ta 1996 kamfani ne ke neman hujjar sayar da hajarsa a kasuwar Amurka. Masu binciken yau suna neman sanin yadda talakan nan zai samu sauƙi da abin da aljihunsa zai iya.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne na sikila. An ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan cuta duk shekara a Najeriya, kuma idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin 10 yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki tun yana yaro. A Amurka ana duba gudun jini a jijiyoyin kan yaro da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari sai a riƙa yi masa ƙarin jini duk wata. Wane magidanci ne a ƙauyen Sandamu zai iya wannan, ga tsadar jini ga kuɗin mota? Likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sai suka gwada ƙwayar hydroxyurea, wadda ake haɗiya kullum a gida. Yara 220 suka shiga a Kano da Kaduna, aka bai wa rabi ƙaramin awo, rabi matsakaici. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna babu bambancin a-zo-a-gani tsakanin awon biyu wajen kare yaro daga shanyewa, sai dai masu shan matsakaicin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Wannan amsa ce da uwar mai sikila za ta iya amfani da ita.

Haka ma binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana riƙe da ɓangaren Najeriya. An yi shi a asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, kan mata fiye da 200,000. Dabarar ba ta da wuya: a shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni wadda jinin ke taruwa a ciki, maimakon ma'aikaciya ta ƙiyasta da ido, da zarar ya kai wani layi kuma a haɗa mata komai lokaci guda, tausar mahaifa da allurai da ƙarin ruwa. A 2023 aka bayyana cewa mummunan zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100.

A Nijar, Jami'ar Kalifoniya ta gwada raba wa ƙananan yara maganin azithromycin sau biyu a shekara, kuma rahoton 2018 ya nuna mutuwarsu ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a yankin Dosso. Wannan nasara tana tafe da damuwa, domin yawan shan irin wannan magani yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin wannan alheri a birni yake tsayawa. Ledar awon jini tana aiki ne ga matar da ta haihu a asibiti, alhali mata da yawa a karkarar Daura a ɗaki suke haihuwa, a hannun ungozoma ko uwar miji, ba a neman mota sai jini ya ƙi tsayawa. Hydroxyurea kuma tana bukatar a fara duba kan yaro da na'ura, a kuma riƙa awon jininsa lokaci-lokaci. Idan na'urar tana Katsina ko Kano, uban da ke jiran kaka ya sayar da gero ba zai kai yaron ba sai ciwo ya kwantar da shi. Ta haka ƙauye yake ba da marasa lafiyar da ake ƙirgawa a rahoto, amfanin kuma ya tsaya a wani wuri.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake karɓar izini. Uwa ce zaune a bencin asibiti, yaro na kuka a cinyarta, ma'aikaci ya miƙo takarda mai shafuka da yawa, ya ce ta dangwala yatsa. A wurinta duk mai farar riga likita ne, kuma ba a yi wa likita musu. Ta ji an ce magani kyauta ne, har da kuɗin mota. Ba lalle ta fahimci cewa ƙuri'a ce za ta raba wanda zai sha wannan da wanda zai sha wancan ba, ko cewa tana da ikon janye ɗanta gobe ba tare da an daina duba shi ba. Idan ta ce "sai na tambayi maigida," wasu ma'aikatan sukan ɗauki hakan a matsayin ɓata lokaci, alhali a gidan Bahaushe nan ne shawarar take kammaluwa. Doka ta tanadi a yi bayani da harshen da mutum ke ji, a gaban shaidar da ba ta cikin masu binciken idan ba ya karatu. Takardar Hausa kaɗai ba ta wadatar ba, domin da yawa ajami suka iya ko ma babu. Bayanin baki, a natse, da damar komawa gida a kwana a kai, shi ne zai raba wannan zamani da na Trovan.

Masarauta tana da abin yi a nan. Sarakuna sun taka rawa sosai wajen dawo da amincewar jama'a ga rigakafin shan-inna, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020, kuma babu mai binciken da zai shiga ƙauye bai bi ta wurin hakimi da dagaci ba. Sai dai yardar dagaci ba ta maye gurbin yardar uwa da uba. Abin da ya kamata hakimin Sandamu ya nema daga duk tawagar da ta zo gaisuwa shi ne ta nuna masa takardar kwamitin ɗa'a da ta NAFDAC da kwanan watansu, ta faɗi wanda zai ɗauki nauyin jinya idan maganin ya cutar da yaro, sannan ta rubuta a takarda wanda zai ci gaba da kawo maganin asibitin Sandamu bayan kuɗin bincike sun ƙare. Yaron da aka ɗora kan hydroxyurea shekaru zai yi yana sha, tallafin bincike kuwa yana da ranar ƙarewa.