Gardamar Rai da Lahira, da Inda Ya Kamata a Fara Ta

Unguwar Gwammaja, wadda take cikin ganuwar birnin Kano ba nisa da Dutsen Dala, ta daɗe da sabawa da gardama, domin a nan gidan Malam Aminu Kano yake, inda ya yi shekaru yana karɓar malamai da 'yan boko da talakawa, kowa da abin da ya dame shi, har ranar 17 ga Afrilu 1983 da Allah ya karɓi abinsa, aka binne shi a gidan, wanda yanzu ake kira Mambayya, yana hannun Jami'ar Bayero. Gardamar wancan zamani ta haraji ce da jangali da zaluncin masu sarauta, kuma duk zafinta, babu ɗan NEPU ko ɗan NPC da ya taɓa shakkar akwai ranar tsayuwa gaban Allah, bal ma da ranar nan kowannensu yake yi wa ɗan'uwansa barazana. Ko mutanen Barbushe da suka zauna a gindin Dala tun kafin Musulunci, shirka suka yi, amma ba su musanta gaibu ba. Yau kuwa wata gardama ta daban ta shigo ta cikin wayar hannu, har samari suna zaune a dakali bayan sallar Isha'i suna kallon Turawa na jayayya a kan ko akwai rai, ko kuwa mutum nama ne da jini wanda in ya mutu shi ke nan.

Daga cikin masu irin wannan muhawara akwai wata ƙungiya da aka fi sani da sunan Momon, kuma tun da yaranmu suna haɗuwa da su a intanet, ko a Kudu wajen bautar ƙasa, inda ake ganin masu wa'azinsu biyu-biyu cikin farar riga da laktaye, ya kamata a san abin da suke faɗa kamar yadda su suke faɗarsa. Wani mutum mai suna Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar New York ta Amurka cikin 1830, yana da'awar cewa wani mala'ika ya nuna masa allunan zinariya da ke binne a wani tudu, ya fassara su da ikon Allah, sannan mala'ikan ya karɓe abinsa. Aka kashe shi a 1844, mabiyansa suka yi ƙaura ƙarƙashin Brigham Young zuwa kwarin da ya zama birnin Salt Lake a 1847. A Nijeriya, wani malamin makaranta daga ƙasar Mbaise, Anthony Obinna, shi aka fara yi wa baftisma cikin Nuwamba 1978, kuma an buɗe babban ɗakin ibadarsu na Aba a 2005.

Aƙidarsu game da rai ta saɓa wa tamu, ta kuma saɓa wa ta sauran Kiristoci, har Cocin Katolika ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba ta inganta ba. Suna cewa kowane mutum ya rayu a matsayin ruhi kafin a haife shi, ɗa ga Ubangiji wanda a wurinsu yana da jiki na nama da ƙashi, kuma asalin hankalin mutum ba halittacce ba ne, daɗaɗɗe ne. Da ya zo duniya sai aka sa masa labulen mantuwa don a jarraba shi. Ruhi a wurinsu shi ma abu ne mai jiki, sai dai ya yi laushin da ido ba ya riskarsa. In mutum ya mutu, ruhinsa yakan tafi wata duniyar jira, inda ake ci gaba da yi wa matattu wa'azi, shi ya sa rayayye yake shiga ruwa a yi masa baftisma a madadin kakansa, shi ya sa kuma suka tara tarihin nasabar mutane mai yawan gaske a wani rumbu da suka haƙa cikin dutse kusa da Salt Lake. Bayan tashi da hisabi akwai masarautu uku, waɗanda suke kwatanta haskensu da na rana da wata da taurari, kusan kowa yana da rabo a ɗayansu, 'yan kaɗan ne kawai za a jefa cikin duhu na har abada. Wanda ya kai ƙololuwa, tare da matar da aka ƙulla musu aure na dindindin, a faɗarsu zai zama irin abin da Ubangiji yake. Musulmi ba ya bukatar dogon nazari kafin ya ga inda wannan ya yi karo da tauhidi: ruhi a wurinmu halitta ne, bawa ne ba ɗa ba, ko da yake malamanmu sun yi saɓani kan ko an halicci rayuka kafin jikkuna, kamar yadda Ibn Hazm ya fahimta daga ayar alkawari ta Suratul A'arafi, ko kuwa bayansu, kamar yadda Ibnul Ƙayyim ya rinjayar a Kitabur Ruhi.

To, mai shakka idan ya zauna da mutumin Momon, ba ya tsayawa ƙidayar masarautu. Yakan ce, duk abin da kake jingina wa ruhi, na tunani da hali da ƙwaƙwalwar abin da ya wuce, mun ga yana bin lafiyar ƙwaƙwalwa sau da ƙafa: allurar barci ta likita tana ɗauke shi, tsufa yana zaizaye shi, rauni yana juya shi. Yakan kawo labarin Phineas Gage, shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa a Amurka, wanda sandar ƙarfe ta ratsa kansa a 1848, ya rayu, amma likitansa ya ba da labarin cewa halinsa ya sauya har abokansa suka ce ba shi ba ne. In aka kawo masa zancen likitan nan MacDougall da ya auna majiyyata shida a bakin mutuwa, ya wallafa cikin 1907 cewa ɗaya ya ragu da giram 21, sai ya yi dariya, kuma yana da gaskiya, domin awon bai daidaita ba ko a tsakanin mutum shidan, kuma masana ba su karɓe shi ba. Abin takaici, har yanzu akan ji wannan labari a bakin wasu masu wa'azinmu. Mutumin Momon kuma, da ya ga an matsa masa, sai ya ce shi ya karanta littafinsu, ya yi addu'a, ya ji shaida a zuciyarsa. Mai shakka ya amsa da cewa Bahindu ma yana jin haka, mai bori ma haka, to, zuciyar wa za a bi? Daga nan sai zance ya koma kamar na masu ciniki biyu a kasuwar Kurmi, ɗaya yana awo da mudu ɗaya da sikeli, kowa yana rantsuwa an cuce shi.

A nan ne ilmin magabata yake da amfani, domin sun riga sun warware wannan ƙulli tun kafin a san da Amurka. Duk almajirin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, wadda Fulani suka yi wa sharhi da harshensu har abin ya zama karatun Kabbe, ya san hukuncin hankali uku ne: wajibi, wanda hankali ba ya sawwala rashinsa, mustahili, wanda ba ya sawwala samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duka suna yiwuwa. Malaman tauhidi suka ajiye samuwar Mahalicci a ɓangaren da hankali yake iya tabbatarwa, amma tambayar kabari da mizani da siradi da Aljanna da Wuta suka sa su a babin sam'iyyat, watau abubuwan da hankali iyakarsa ya ce suna yiwuwa, aukuwarsu kuwa sai ta hanyar labarin wanda aka tabbatar ba ya ƙarya. Ko a ƙarshen Suratu Yasin, inda masu tafsiri suka ce wani Baƙuraishe ya zo da ruɓaɓɓen ƙashi yana murtsuke shi yana izgili, amsar da aka ba shi ta yiwuwa ce: wanda ya fara halitta ba zai gaza maimaita ta ba. Game da haƙiƙanin ruhi kuwa, aya ta 85 ta Suratul Isra'i ta mayar da al'amarin ga Ubangiji, ta kuma tunatar da mutane ƙarancin iliminsu. Saboda haka Musulmin da ya ɗauki alkawarin zai nuna wa mulhidi ruhi a madubin likita ya ɗora wa kansa abin da addininsa bai ɗora masa ba. Iyakar abin da zai ce game da ƙwaƙwalwa shi ne, ganin abu biyu suna tafiya tare bai tabbatar da cewa abu ɗaya ne ba, kuma har yau masana ƙwaƙwalwa suna jayayya a kan yadda nama yake zama mai ji da sanin kansa.

Ashe kenan gardamar lahira ba a lahira ake fara ta ba. Ana fara ta ne a kan samuwar Mahalicci, sannan a kan gaskiyar mai ba da labari, kuma labarin Momon ya nuna haka a fili. Wani babban ɓangare na abin da suke faɗa na rayuwa kafin haihuwa yana da tushe a wani littafi da Smith ya ce na Annabi Ibrahim ne, wanda ya fassara daga wasu takardun Masar na dā da aka saya a 1835. An ɗauka takardun sun ƙone, sai ga guntayensu sun ɓulla a wani gidan tarihi na New York a 1967, masana rubutun Fir'aunoni suka karanta, suka ce addu'o'in jana'iza ne irin na Masarawa, babu sunan Ibrahim a ciki. Shugabanninsu suna amsawa da cewa wataƙila ɓangaren da aka fassara yana cikin abin da ya ɓata, ko kuwa takardun sun zama sanadin wahayi ne kawai. Ko wace amsa mutum ya ɗauka, an bar zancen ruhi an koma zancen amanar mai rahoto, kuma nan ne filin da ya dace. Mu a wurinmu an rufe annabci, don haka da'awar Smith ta faɗi tun daga ƙofa. Amma wanda bai yarda da annabci ba tukuna, dole sai an bi da shi ta hanyar da malaman hadisi da sira suka bi, ta isnadi da tawaturi da tarihin tattara Alƙur'ani, kuma wannan aiki ne na karatu, ba na ɗaga murya ba.

Kada kuma a zaci aƙidar rai zance ne na sama wanda ba ya taɓa ƙasa. Fiye da shekara ɗari, har zuwa Yuni 1978, Momon ba sa ba baƙar fata muƙamin limanci, kuma wasu manyansu sun kafa hujja da cewa rayukan baƙaƙe sun yi sanyin jiki a rayuwar farko kafin haihuwa, bayanin da cocin ya fito fili ya barranta daga gare shi a 2013. Obinna ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙu kafin su zo masa. Mutanen Gwammaja, waɗanda suka ji da kunnensu yadda ake gaya wa talaka cewa talaucinsa da sarautar wani duk rubutu ne da bai halatta a yi magana a kai ba, sun fi kowa sanin yadda ake aron gaibu a danne na ƙasa da shi.

Magabata ba su ji tsoron irin wannan zama ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa hujja kan wanzuwar rai bayan mutuwa, ya ce tashin jiki kuwa shari'a ce ta zo da shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, sai da ya fara rubuta littafi yana bayyana manufofin masu falsafa, sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya bi su cikin mas'ala 20, ya kafirta su a uku, ɗayansu musun tashin jiki. Ibn Rushdi na Andalus kuma ya mayar masa da martani da littafi guda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi rubutu da yawa yana tsawatar wa ɗaliban ilmin kalami da ke kafirta talakawa don ba su iya jera hujjoji ba.

A zamaninmu Kano ta ga shari'ar Mubarak Bala, shugaban wata ƙungiyar marasa addini a lokacin, wanda aka kama a Kaduna cikin Afrilu 2020 saboda abin da ya rubuta a Facebook, Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022 bayan ya amsa laifi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. Kotu ta yi hukunci a kan ɓatanci da tada hankalin jama'a, amma kotu ba ta amsa shubuha, kuma akwai bambanci babba tsakanin mai izgili da yaron da wata tambaya ta hana shi barci, yana tsoron furta ta don kada a ce ya yi ridda. Irin wannan yaro in an rufe masa baki a zaure, wayarsa a buɗe take, kuma a can akwai masu jiransa da amsa.

Don haka muna roƙon malaman zaure da na Islamiyya a Gwammaja da kewayenta, su mayar da karatun hukunce-hukuncen hankali da ladubban bahasi da munazara cikin darasin samari, su koya musu su faɗi maganar abokin jayayya daidai kafin su soke ta, su kuma daina kafa hujja da labaran da ba su inganta ba. Iyaye kuma, in ɗanku ya zo da tambaya a kan kabari ko tashin ƙiyama, ku kai shi gaban malamin da ya karanta tauhidi da hujjojinsa, ku zauna ku saurari amsar tare da shi.