Sandar golf mai rahusa: wacce za a saya, wacce za a guda

Duk wanda ya fara sha'awar wasan golf, ko a filin Kano ne, ko na Kaduna, ko na Rayfield da ke Jos, abin da ke fara sanyaya masa gwiwa shi ne kuɗin sanduna. Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki har sanda 14 a jakarsa, ga shi sabuwar direba guda ɗaya, wato doguwar sandar da ake bugun farko da ita, takan kai dala 600 a shagunan Amurka. In aka juya wannan kuɗi zuwa naira, sai mutum ya yi tagumi. Neman rahusa ba abin kunya ba ne, amma a san inda take.

Rahusar da ta fi aminci tana jikin sandar bara ko ta bara waccan. Manyan kamfanoni irin su Callaway da TaylorMade kusan kowace shekara sai sun fito da sabuwar direba, galibi a watan Janairu, kuma da zarar ta fito sai farashin wadda ta gabace ta ya faɗi. Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne, hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, USGA ta Amurka da R&A ta St Andrews a Sukotland, sun daɗe da ɗaure hannun masu ƙira. Kan direba ba zai wuce girman cc 460 ba, kuma an ƙayyade iyakar yadda fuskarta za ta iya cilla ƙwallo. Tunda kowa ya riga ya kai wannan iyaka, bambancin sandar bana da ta shekara biyu baya kaɗan ne, wanda sabon ɗan wasa ba zai ma ji shi a hannunsa ba.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne jabu. Masu ƙera sandunan a Amurka sun kafa ƙungiyar yaƙi da jabu tun 2004, kuma yawancin samamen da aka yi ta kaiwa a masana'antun China ne. Jabun yau ba ya nuna kansa daga nesa. Tambari da launi duk sun yi daidai. Sai an riƙe shi. Robar mariƙin takan yi warin tayar mota, fentin rubutun ya ɗan zarce layinsa, nauyin kuma ya bambanta daga wannan sanda zuwa waccan. In an ce fuskar direba ta ƙarfen titaniyam ce, a kai mata maganaɗisu: titaniyam ba ya kama shi, don haka in ya manne, ƙarfe ne na gama-gari aka shafa wa fenti. A duba lambar da ke wuyan sandar, a tura wa kamfanin ya tantance. Shafin intanet da ke sayar da samfurin bana a kan sulusin kuɗinsa, kuma yana da kowane iri ba ya ƙarewa, a rufe shi kawai. Araha ba ta ado, balle a nan da kan sanda zai iya fizgewa ya sami wanda ke tsaye a gefe.

Gwanjo kuwa, in na asali ne, ina ganin shi ne hanya mafi dacewa ga mai farawa. Sai dai a zauna a duba da kyau. A sa farce cikin tsagogin da ke fuskar sandunan ƙarfe, musamman gajerun da ake ɗaga ƙwallo da su kusa da rami; in farcen ya zame bai kama ba, tsagar ta cinye, ƙwallo ba za ta tsaya inda aka jefa ta ba. A juya sandar a ga gindinta, domin ƙasar rani mai tauri tana cin ƙarfe. A murɗa kan a ji ko yana motsi, a girgiza a saurara ko wani abu na kaɗawa a ciki. Mariƙi da ya yi santsi ba matsala ba ne, ana sauya shi da kuɗi kaɗan, sai dai ya zama hujjar neman ragi.

Akwai abin da ya fi suna da farashi muhimmanci, wanda masu sayen gaggawa ke mantawa: shin sandar ta dace da jikinka? A jikin gorar sandar akwai harafi da ke nuna taurinta, L ko A ko R ko S ko X, daga mai laushi zuwa mai tauri ƙwarai. Dattijon da bugunsa ya yi sanyi, in ya sayi X don an yi masa ragi, ƙwallonsa ba za ta tashi ba, kullum tana karkata gefe, ya yi ta zargin kansa alhali laifin sanda ne. Tsayin mutum ma yana da tasiri. Kamfanin Ping har ɗigon launi yake sa wa sandunansa don nuna kusurwar da ta dace da mai su. Bahago kuma ya tabbatar ta hagu aka ba shi.

Ba dole sai an cika 14 ɗin nan ba. Sanda bakwai ko takwas sun ishi mai koyo shekara guda cur. Kafin a biya, a kai su filin atisaye a buga ƙwallo goma sha, a kuma nuna wa ƙwararren kulob ko tsofaffin masu ɗaukar jaka, waɗanda sanduna iri-iri suka bi ta hannunsu. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a gwada, a mayar masa da kayansa.