Ɓerayen da aka tura sararin samaniya saboda ƙashin majinyata

Idan kana da ɗan'uwa ko aboki da hatsarin babur ya kwantar wata da watanni, ka ga yadda ƙafarsa ke ramewa. Abin da ido ba ya gani shi ne, ƙashin ma yana zaizayewa daga ciki. Ƙashi abu ne mai rai: wasu ƙwayoyin halitta na rushe tsoho, wasu na gina sabo. Nauyin jiki da tafiya ne ke sa maginan su dage. Da zarar mutum ya daina taka ƙasa, sai masu rushewa su fi ƙarfi, sinadarin kalsiyam ya riƙa fita ta fitsari, har ya iya jawo tsakuwar ƙoda.

'Yan sama jannati ma haka suke fama. Tunda babu nauyi a can, suna rasa kimanin kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na kaurin ƙashin ƙugu duk wata. Shi ya sa a shekarun 1970 Emily Morey-Holton, masaniya a hukumar NASA ta Amurka, ta ɓullo da dabarar ɗage ƙafafun bayan ɓera don kada su ɗauki nauyi. Cikin 'yan makonni ƙashinsu kan yi rauni, sai a gwada magani a gani ko zai tare ɓarnar.

Ba a tsaya nan ba fa. A Disambar 2001, jirgin Endeavour ya tafi da ɓeraye, an yi wa wasu allurar osteoprotegerin, furotin da ke taka wa masu rushe ƙashi burki. Waɗanda aka yi wa sun dawo da ƙashi mafi kauri. A Yulin 2011 kuma Atlantis ya ɗauki wasu da aka ba maganin da ke toshe sclerostin, furotin da ke hana gina ƙashi. Yau akwai magunguna biyu masu aiki ta waɗannan hanyoyi: denosumab da Amurka ta amince da shi a 2010, da romosozumab a 2019.

Amma ka sani, ɓera ba mutum ba ne. Romosozumab na ɗauke da gargaɗi ga masu ciwon zuciya. Alendronate kuwa sai an sha da ruwa cike da kofi, a zauna a miƙe na minti 30, abin da ke wahala ga wanda ke kwance.

Don haka kar ka garzaya kemis ka sayo wa majinyacinka. Ka tambayi likita ko akwai buƙatar a duba ƙashinsa, ka tabbata yana samun mai motsa masa gaɓoɓi, da nono, da kifi, da ɗan hasken rana. Ranar da likita ya ce ya fara takawa, ka zama kai ne kafaɗar da zai dafa.